Minti Sha Biyar a Tsaye

Ƙarfe takwas da rabi, bene na biyu a Adum.
Ƙasa ana ta hon, yaran mota na kiran Tafo, Tafo,
mu shida mun yi da'ira, babu mai kujera.
Sharifatu ta ce zama ke tsawaita zance,
ƙafa in ta gaji, baki kan taƙaita.

Allo ne fari a bango, an tsaga shi uku:
Za a yi. Ana yi. An gama.
'Yan takardu masu gam a ƙeya,
kowacce da sunan mai ɗauke da ita.
Tsohon kundin tsari, shafi tamanin,
wanda muka rantse da shi bara,
yau shi ke tokare ƙafar teburin shayi.

Tambaya uku ce kullum, kamar ta kabari:
Jiya me ka yi? Yau me za ka yi?
Me ya tare maka hanya?

Kwabena ya amsa, ya matsar da tasa gaba.
Dela ta amsa tana ɓare gyaɗa.
Fuseini ya ce an ɗauke wuta a Aboabo,
amma ya ƙarasa a shagon aski.
Tawa kuwa, koriyar nan,
kwana tara tana tsakiya,
gam ya gaji, gefe ya naɗe
kamar ganyen da aka ci shinkafa da wake a kai.

"Ina kai," na ce.
Jiya ma haka na ce.

Manhajar adashi muke ginawa matan Kejetiya.
Lissafina da littafinsu sun ƙi jituwa:
kowace mace, kowane wata,
zubin kwana guda ya yi ɓatan dabo.
Na bi lamba lamba har asuba,
na zargi na'ura, na zargi idona,
ban tambayi kowa ba.
Ni ne babba a ɗakin, furfura ta fara,
yaya zan ce wa 'ya'yan cikina ban gane ba?

Sati biyu suka cika, Juma'a ta zo,
ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Hajiya Azumi ta hau benen tana haki,
ƙamshin sabuwar atamfa na biye da ita.
Ta karɓi wayar, ta nisanta ta da fuska,
ta dangwala, ta dangwala,
sai ta kwashe da dariya har sarƙarta na rawa.

"Yaro, wa zai yi maka yawon rana kyauta?
Zubin farko ai na mai tarawa ne,
ladan ƙafarsa ke nan.
Jikata ma ta sani."

Kwana tara.
Numfashi ɗaya ta kashe a kai.

Da yamma, bayan ta sauka,
na jira faɗa, faɗa bai zo ba.
Sharifatu ta raba fararen takardu:
me za mu riƙe, me za mu bari?
Dela ta rubuta a gyara fanka.
Kwabena ya ce mu riƙa shiga kasuwa da ƙafarmu
kafin mu taɓa madannai.
Ni na daɗe da biro a hannu,
ladanin Alabar ya kira, ya gama,
sannan na rubuta:
in na maƙale, in faɗa kafin azahar.

Na ɓamɓare koriyar da kaina.
Ta ƙi mannewa a layin ƙarshe,
ta faɗi sau biyu,
sai da Fuseini ya miƙo salatif.

Litinin, takwas da rabi,
hadari ya haɗo ta wajen Bantama.
Sabuwar takarda, rawaya, da sunana.
Jiya na amsa. Yau na amsa.
Da aka zo ta uku na ji maƙogwarona ya bushe,
na dubi allo, na dubi takalmina,
na ce, "Akwai wani wuri da ban gane ba."

Babu wanda ya ɗago gira.
Dela ta ce, "Bayan mun watse, jawo kujerarka,"
ta miƙo mini gyaɗa.
Saura minti huɗu.