Magana ta Tara

Ni ne tafintan majalisar gari,
ni ne kuma mai riƙe alƙalami.
Alhamis ta farkon kowane wata
nakan gangara kwarin Gunti Yena da takalmi a hannu,
in haura Filato, in wanke ƙafa a famfon bayan ofis,
sannan in sa takalmin, in shiga.

Teburin dogo ne kamar yinin azumi.
Can sama, ƙarƙashin fanka, Nasara shida.
Nan ƙasa, bakin ƙofa, namu huɗu,
iska ba ta iso su sai ta gaji.
Ni a tsakiya, tsaye.

Kumanda ya buɗe takarda.
Magana ta ɗaya: fitilun titin gidan gwamna.
Hannuwa suka tashi. Ta wuce.
Ta biyu: amalanken ban ruwan itatuwan Filato,
jakai huɗu da mai kora su.
Ta wuce.
Ta uku: karnukan ƙetaren kwari
masu hana matar likita barci.
Wannan ta ci rabin safiya.

Sai da inuwa ta shige ƙarƙashin bango
aka kai ga ta tara: famfon Kalley.

Arzika mahauci ya miƙe.
Ya sa hannu a aljihun riga, ya fito da kwalba,
ya dire ta tsakanin tawada da tokar taba.
Ruwa ne, launin kunun kanwa,
da wasu ƴan abubuwa suna iyo a ciki.

Ya ce:
"Lampo bai taɓa ɓatan hanya ba.
Ya san ƙofar kowa, har bukkar da ba ta da ƙofa.
To ga abin da ya sayo mana.
Matanmu na kwana a layi, tulu bayan tulu,
wadda ba ta samu ba ta gangara kwari ta ɗebo wannan.
Itacen ƙofar gidanka ya fi ɗiyata shan ruwan kirki.
Tasalla sunanta. Lahadi muka rufe ta.
Kurɓa ɗaya, Kumanda.
In ka haɗiye, na janye maganata."

Fanka ta ci gaba da juyawa.
Kumanda ya dube ni: me ya ce?

Ina da baki tara a gida.
Filin da na gina ɗakina ba shi da takarda.
Na ce da harshensu:
"Yana roƙon a duba batun famfo, in hali ya yi."

Kumanda ya gyaɗa kai da fara'a.
Baɗi, in ji shi, kuɗin bana sun ƙare.
Mai kantin nan mai jan gemu
ya ce a fitar da kwalbar, tana kiran ƙuda.
Na tsoma alƙalami na rubuta:
Arzika ya yi godiya. An ɗage magana ta tara.

Arzika ba ya jin Faransanci,
amma ya san tsawon magana.
Tasa ta kai a feɗe akuya,
tawa ba ta wuce atishawa ba.
Muna gangarawa kwari, ni da takalmi a hannu,
bai juyo ba, ya ce:
"Malam Tankari, ashe harshensu gajere ne."
Bai ƙara ba. Har ya mutu bai ƙara ba,
kuma kullum na je rumfarsa sai ya ƙara mini tsoka.

Famfon ya zo bayan damina uku.
An yi kiɗa, an yanka ƙyalle.
Littafin yana nan a ɗakin ajiya,
gara ta ci gefensa, ta bar tsakiyar,
rubutuna tsaf, ko ɗigon tawada babu.

Kwalbar kuwa, gardi ne ya fita da ita,
ya juye a gindin wani itace na bakin titi.
Itacen ya girma. Masu kabukabu na hutawa a ƙarƙashinsa.
Ni in na zo wurin, ko rana ta take,
nakan tsallaka ɗaya gefen.