Taura Biyu a Baldibiya

Ruwan sama a Baldibiya ba ya sallama,
shigowa yake kamar mai gida.
Kwana tara ke nan yana dukan kwanon ɗakina.
Hayaƙin itace ya kama labule, ya kama gashina,
ya kama babi na uku da ya ƙi ƙarewa.

Lissafi na zo yi.
Digirin dakta a kan lambobi masu taurin kai,
waɗanda ba sa rabuwa sai da kansu ko da ɗaya.
Sai na ɗora wa kaina wani fanni a gefe:
sanin yadda ƙwaƙwalwar yaro ke karɓar karatu,
inda take riƙewa, da inda take yoyo.
Farfesa Urrutiya ya zare tabarau ya dube ni.
"Fresiya," ya ce, "taura biyu ba ta taunuwa."
Ya dai sa hannu a takardar,
yana girgiza kai kamar mai ba da bashin da ba zai dawo ba.

Duk Talata nakan hau kwalekwalen inji zuwa Korral,
in haye tudu, takalmina cike da ruwa,
zuwa firamare mai shuɗin fenti.
Aji uku.
Malama Eliyana ta ba ni kujerar baya
wadda ƙafarta ɗaya ke ɗingishi.

Can na ga Nahuwel.
Shekara takwas, rigar sanyinsa ta yayansa ce,
hannun rigar ya haɗiye yatsunsa.
Hamsin da biyu a ɗebe sha bakwai:
ya rubuta arba'in da biyar.
Talatin da ɗaya a ɗebe sha takwas:
ashirin da bakwai, har da ja masa layi.
Jan biro ya ɓata littafinsa
kamar an yanka kaza a kai.

Littattafaina sun san wannan kuskure.
Sun raɗa masa suna, sun zana masa jadawali,
sun ƙirga yara dubu nawa suka faɗa ramin.
Na rufe su, na ja gurguwar kujerata kusa da shi.
"Me ya sa kake juya su, ka cire biyu daga bakwai?"

Ya dube ni kamar ni ce 'yar aji uku.
"Ai biyu ba ta da abin bayarwa.
Mai yawa shi ke ba marar shi.
Haka babana yake yi
in jirgin Don Abelardo ya dawo ba kifi."

Na yi shiru.
Shekara huɗu ina bin lambobi a allo,
ban taɓa tambayar wace ce a cikinsu ta kwana da yunwa ba.

Na ce, "To, biyu tana da maƙwabciya.
Ga biyar nan a gefenta, gida guda suke.
Ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta ari goma."
Ya tauna gindin fensir, ya daɗe.
"Za ta biya?"
"Ba sai ta biya ba, na gida ne."
Ya goge, ya sake gogewa har takarda ta huje.
Talatin da biyar.
Bai yi murmushi ba. Ya ce biyar ta yi kirki.

Da yamma kogi ya cika, jirgi yana tangaɗi,
wata mata ta riƙe buhun dankali kamar jariri.
Na buɗe kundina a kan gwiwa,
inda na rubuta "rashin fahimtar matsayin lamba",
na rasa yadda zan soke shi, na rasa yadda zan bar shi.

Gobe zan ga Farfesa da ƙarfe goma.
Babi na uku yana nan inda na bar shi.
Muƙamuƙina yana ciwo, gaskiyarsa ce,
amma ban tofar da ko ɗaya ba.