Jar Tawada a Harlech

Emrys mai raba wasiƙu, shekara talatin
yana hawan tudun Harlech da jaka a kafaɗa,
iskar teku tana cizon kunnensa.
Kalma ɗaya ta fi yi masa nauyi:
important, haruffa tara da jar tawada,
zaune a goshin ambulan kamar tsagar gado.

Kamfanin wuta ya buga ta,
mai tallar tagogi ma ya buga,
banki, asibiti, mai neman ƙuri'a,
kowa cewa yake tasa ce muhimmiya.
Gishiri in ya yi yawa, miya ce ke kuka.

Wata malamar makaranta ta taɓa gaya masa
tushen kalmar: abin da aka ɗauko aka shigo da shi.
Ya yi dariya: ashe ni ne jakinta.

A gida mai lamba sha bakwai
Gwenda Pritchard na tara irinsu
ƙarƙashin butar shayi, ko buɗewa ba ta yi.
Ran Talata ya miƙa mata kati guda,
babu ja, babu ihu, kusurwarsa ta jiƙe,
rubutun yaro, layin ya karkace:
Kaka, haƙorina ya fita.

Ta zauna bakin ƙofa cikin yayyafi,
ta karanta, ta lalubo tabarau,
ta sake.
Jakar Emrys cike da haruffa tara,
saura gida arba'in,
amma ya tsaya
har ta gama.