Ƙadangaren Goronyo

A shafi na ɗari da tara na tsinci garinmu
an liƙa masa wutsiya:
Goronyosaurus.
Sau uku na karanta, harshena yana tuntuɓe a ƙarshen
kamar mai hawan tudu da buhun albasa.

Malama Hajaru Gidaɗo ta tsaga kalmar da alli.
Gaban namu ne, ta ce,
bayan kuma na Girkawa: sauros, wato ƙadangare.
Haka dainaso ya samu nasa,
deinos, abin firgita, sai sauros ya biyo shi a baya.
Amma naku ba dainaso ba ne.
Naku a ruwa ya rayu,
lokacin da teku ke kwance inda gonakinku suke.

Ran Juma'a na kai maganar gida.
Kawu Jabbi yana zaune a zaure, yana ƙulla tafarnuwa.
"Mi kac ce? Teku? Nan ga?
Wurin da munka yi ta roƙon ruwa bara
har goshinmu ya yi kanta?"
Ya yi dariya har tari ya kama shi.

Daga baya ya yi shiru.
Ya tashi, ya laluba bayan tulu,
ya fito da tsumma a ƙulle.
Dutse ne baƙi, tsawon babban yatsa, mai tsini,
gefensa na sheƙi.
"Sa'ad da muna ginar rijiya ni da tsohonka na tsince shi.
Shekara arba'in ina aza haƙorin aljani na.
Ban taɓa gwada ma kowa ba."

Na ɗora shi a tafin hannu. Sanyi gare shi.
Ban san ko na wancan ne ba,
ni ɗan aji biyu, me na sani?
Na dai kai shi hanci ina neman warin gishiri,
sai tafarnuwa na ji.

"To su Girkawan," in ji Kawu,
"sun san suna maƙwabtaka da mu cikin kalma guda?
Ko gaisuwa ba su aiko ba."

A kan katanga wani jangwada ya tsaya,
bai kai kamu ɗaya ba.
Na faɗa masa sunan da ƙarfi, duka gaɓoɓinsa.
Ya ɗaga kai, ya sauke,
ya ɗaga, ya sauke,
sannan ya bi wani ƙuda.