Daga Aljanna Muka Tashi

Shekara goma sha ɗaya ina jan bas a Tacoma,
layin asuba, ni da masu gadi da masu shara.
In na karya kwana wajen gada
sai in gan shi ta gilashi, fari fat, a zaune,
kamar dattijon da ya riga kowa sahu.
Rainier.
Ban taɓa gaishe shi ba.

Ladidi ce ta ce, "Baba, kallon ya isa.
Hangen Dala ba shiga birni ba ne,
kai ka koya mini."
Ta aro mini takalman mijin ƙawarta,
sun fi ƙafata, na cusa safa biyu.
Muka kwana a Ashford,
ɗaki mai warin jiƙaƙƙen katako,
ban runtsa ba.

Inda ake ajiye mota, wai sunansa Aljanna.
Na yi dariya har da tari:
kowa Aljanna yake nema ya zauna,
mu daga can muka ɗaura jaka muka tashi.

Da fari furanni ne, da 'yan yawon ido,
da wata dabba mai kama da gafiya, ta ƙoshi,
tana mana fito daga kan dutse.
Muka tsallake wani rafi
sai ƙasa ta ƙare.
Ƙanƙara gaba, ƙanƙara baya,
babu bishiya, babu inuwa,
babu wanda za ka tambaya ko saura nawa.

Taku goma, in tsaya.
Taku bakwai.
Iskar nan kamar kunun marowaci,
ka sha, ka sha, ciki bai san an yi ba.
Zuciyata na bugun haƙarƙari
irin bugun mai bin bashi.
Wata tsohuwa, Dagny, gashinta duk furfura,
ta wuce ni da sanduna biyu,
ta ce in kulle gwiwa a kowane taku, in huta a kan ƙashi.
Na gode mata da hannu. Baki ba ya da rara.

Can na ji bayana ya yi sauƙi.
Na waiwaya:
Ladidi ta zuge jakata a ɓoye,
ta zare gorar ruwa da bargo, tana turawa a tata.
Yarinyar da na goya a wuya ranar da muka sauka ƙasar nan,
tana barci, yawunta na zuba a hulata.
Na buɗe baki zan yi faɗa.
Na rufe.

La'asar sakaliya muka isa sansanin Muir.
Ɗakin dutse, tantuna ja da ruwan ɗorawa,
igiyoyi a shanye.
Na je bakin gaɓa in nemo Tacoma,
in ga gadata, in ga kwanar nan tawa.
Babu.
Gajimare ya rufe duniya ruf,
kamar an kife faifai a kan ƙwarya.
Shekara goma sha ɗaya ina kallonsa,
ashe shi ba lallai ya gan ni ba.

Na narka ƙanƙara na yi alwala,
yatsuna suka daina zama nawa.
Shayi ya tafasa amma bai yi zafi ba.
Muka raba kilishin da na ɓoye,
Dagny ta ci, barkono ya sa ta hawaye, ta miƙo hannu a ƙara.

Tsakar dare masu zuwa ƙololuwa suka ɗaure juna,
fitilu a goshi, suna hawa ɗaya bayan ɗaya
kamar carbin da ake ja a hankali.
Su nan ne mafarinsu.
Ni nan na tsaya.

Ladidi na minshari a kafaɗata.
Litinin ƙarfe biyar ina kan sitiyari.
In na karya kwanar nan
zan ɗaga masa hannu.