Ƙulli na Talatin

Ubana Belmiro masunci ne a Póvoa.
Da asuba yakan taka yashi ba takalmi,
ya ce tafin ƙafa ke gaya masa halin teku
tun kafin ido ya gani.
Shekarar da na shiga aji huɗu
ya taka garwashin gashin kifi,
bai sani ba sai da ƙauri ya kai hancinsa.

Ciwon 'yan ƙafafu ake ce masa a unguwarmu,
kamar sunan da ake lallashin jariri da shi.
Ya ci kakata. Ya ci baffa Amândio.
Daga yatsu yake farawa, ya hau a hankali
kamar ruwa cikin kwale-kwale mai yoyo.
An ce kyan ɗa ya gāji ubansa.
Wanda ya faɗa bai zo garinmu ba.

Yanzu ina Porto, hawa na uku,
ƙarfe ɗayan dare, firji na gurnani.
Na fere jijiya, ta fi ɓawon albasa sirantaka,
na shimfiɗa kan gilashi, na ɗiga jan rini.
Ƙarƙashin madubi ja ne.
Na karkata hasken, ya koma kore shar.
Mugun abu, ga kyan gani.

Hanta ce ke saƙa shi, wani furotin,
yadda inna ke saƙa taru a ƙofar gida:
ƙulli ɗari da ashirin da bakwai.
A jikin ubana na talatin ya sha bamban.
Ɗaya tak.
Su huɗu-huɗu ke tafiya cikin jini, riƙe da juna,
sai wannan ƙullin ya sa riƙon ya yi sako-sako,
su watse, kowa ya lanƙwashe ta inda ba a so,
su cukurkuɗe, su kwanta kan jijiya
shekara da shekaru
har saƙo ya rasa hanyar wucewa.
Wuta na cin ƙafa, kai bai sami labari ba.

Akwai magani yanzu, yana taka wa ciwon birki.
Ya iso bayan ciyawa ta rufe kabarin Belmiro.

Abin da ke hana ni barci daban ne.
Shi ya kwanta yana talatin da biyar.
Gwaggo Deolinda, ciki ɗaya, ƙulli ɗaya,
ta haura saba'in tana hawa tudun kasuwa
da kwandon kifi a ka, tana zagin masu mota.
Me jikinta ya sani?
Wace ƙwayar halitta ke share mata ɗaki da dare?
Ta ba ni jininta kwalba uku, ta ce,
"Graciete, in kin gano, ki biya ni."

Shekara shida ke nan.
Ɓeraye sun mutu, wasu sun ƙi yin ciwon ma.
Jiya Telmo ya ce layin da muka gani a watan jiya
ƙura ce a kan gilashi.
Muka yi dariya, ya fita shan taba, ya daɗe.

Cikin aljihun tebur, ƙarƙashin safar hannu,
akwai ambulan mai sunana.
Rabi da rabi ne, na fi kowa sanin lissafin.
Na buɗe na mutum ɗari huɗu.
Wannan gefensa har ya fara rawaya.

In na koma gida, kafin in kunna fitila,
nakan tuɓe takalmi in tsaya kan daɓen kicin.
Babban yatsa, na kusa da shi, har ƙaramin.
Yau ma da sanyi.
Na daɗe a tsaye, ina jin sa,
har motar kwashe shara ta wuce.