Riga Mai Lamba Tara

Ni ce na wanke rigarsa ta farko,
lamba tara, ta yi masa yawa,
sai da na kama mata kafaɗa da zare.
Shekarunsa goma sha shida,
yana ƙarnin kifi, don daga tashar jirage ya taho,
ya gama sauke kwanduna tun da duku-duku.
Nicanor Barreiro, ɗan Burela,
garin da ruwan sama ba ya neman izini.

Ubansa kan yi wata uku a teku.
A rediyon jirgi ya ji an zura ƙwallo,
murya ta katse kafin a faɗi suna,
ya kwana biyu yana tambayar ruwa: wa ya ci?

'Yan kallo sun san ƙafarsa ta hagu.
Ni laka na sani.
In ta tsaya a gefe, wani ne ya ture shi.
In ta kai ƙirji, ya yi sufa ya sa kai.
In rigar ta dawo fes,
benci ya ɗumama, kada a yi masa magana.

Sha tara ya zura a kaka guda,
sai ga mutanen Madrid da baƙar mota
da takarda mai shafi goma sha biyu.
Uwarsa Herminia ta ce a karanta mata a hankali,
ta saurara har ƙarshe, ta yi tambaya ɗaya:
wa zai riƙa dafa masa romon kifi?
Suka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Minti arba'in da ɗaya ya buga a babban rukuni,
in an tattara duka, har da na ɓata lokaci.
Sau ɗaya raga ta girgiza,
mutum dubu hamsin suka miƙe,
mu a shagon Evaristo muka kifar da kofuna,
sai ga tuta a sama: satar gida.
Da tsinin takalmi, in ji masu awo.
Tsinin takalmi!
Ni da na san na hagun ya ɗara na dama,
don babban yatsansa ya taɓa karyewa.

Daga nan sai aro, kamar tukunyar biki.
Soria mai sanyi, Cartagena mai zafi, Lugo,
kowane gari da sabuwar riga
da hannun da bai san kafaɗarsa ba.
An ce kayan aro ba ya rufe katara,
shi kuwa ya rufe wa ƙungiyoyi huɗu asiri.
A Albacete gwiwa ta ce ƙas,
ba wanda ya taɓa shi, ciyawa ce ta riƙe.
Wata tara yana koyon hawa bene
kamar yaron da ya fara tatata.

Ya dawo mana yana da talatin da huɗu,
gashi ya ja baya, gudu ya ragu,
amma ya san inda ƙwallo za ta faɗo
tun ita kanta ba ta yanke shawara ba.

Wasan ƙarshe, ruwa kamar da bakin ƙwarya,
mutum ɗari shida da kare ɗaya.
Tsohon na layi na uku, ya bar teku,
ga fili a gabansa, ga rediyo a kunne, sabo.
Saura minti biyu aka kwaso ta daga kusurwa.
Ba da kai ba, ba da hagun ba,
cinya ta buga ta mirgina ciki kamar mai jin kunya.
Bai yi ihu ba tukuna.
Sai da ya waiga ya dubi mai tuta.
Tuta na ƙasa.
Sannan ya zube da ƙirji a tsakiyar taɓo.

Da dare ya miƙo mini ita, ya ce,
Sabela, wannan kada ki wanke.
Shekara talatin ban bar laka ta kwana ba.
Yanzu yana sayar wa masunta ƙanƙara,
yana ɗingishi idan sanyi ya sauko.
Rigar na nan a ƙusa bayan ƙofa,
lakar ta bushe, tana zuba kaɗan-kaɗan,
ina sharewa da safe,
hannuna na ƙaiƙayi, sabulu na kallona.